Ranar da Gwaggo Ta Shiga Shawa

Gidan da Baba ya saya a Garwa wani ma'aikacin kamfanin auduga ne ya gina shi. Da zai koma kudu, ya bar mana kayan da ba mu taɓa mallaka ba a banɗaki: farin baho dogo wanda mutum zai miƙe ƙafa a ciki, shawa a bisansa, da hita mai ɗumama ruwa a jikin bango. Ina budurwa a lokacin, ina kolej. Ranar da na fara murɗa famfon nan ruwa ya sauko mini a ka, ihun da na yi har Inna ta rugo da muciya a hannu, ta zaci kunama ce.

Wanda bai taɓa yin bazara a Garwa ba, ba zai gane ni ba. Ka dawo daga makaranta riga ta manne maka a baya, kwalta tana neman cinye maka takalmi, sai ka tarar da ruwan sama naka na kanka yana jiranka a ɗaki. Na so shawar nan, so na tsakani da Allah, ba na jin kunyar faɗa.

Baba kuwa baho ya riƙe. Ya cika shi fal, ya kwanta, hanci kawai a waje. Inna takan ce ga dorinar Binuwai ta shigo gari. Ita ba ta taɓa yarda ba, wai mutum ya jiƙe cikin dauɗarsa a ce wanka ya yi. Bokitinta da kwanonta sun ishe ta.

Sai shekarun nan suka zo da kowa bakinsa “kiriz”, wato matsin tattalin arziki da Faransanci. Aka yanke albashin ma'aikata, su ne kuwa masu sayen atamfar Baba, kasuwa ta yi sanyi. Baba ya koma bin ɗaki ɗaki yana kashe fitila, yana leƙa mita kamar mai duba tukunya a wuta. Wata safiya muna shan kunu ya ajiye ludayi ya ce shawa ce ke cinye gidan nan, kuma ya riga ya kira mai gyaran famfo, gobe za a cire ta.

Na ajiye nawa ludayin. Na ce, “Haba Baba! Ai bahonka ya fi shan ruwa. Da sanyi ma, kafin hita ta ɗumama ruwan da zai cika shi, mita ta gaji da juyi. Ni kuwa kafin ta farka na fito.”

Ya ce, “Ruwan baho ina ganinsa da idona, na san iyakarsa. Naki yana zuba yana bin rariya, wa ya taɓa auna shi?”

Nan dabara ta faɗo mini. Na ce to a auna. Ya cika bahonsa yadda ya saba, Inna ta ja layi da gawayi inda ruwan ya tsaya. Sannan a zubar, a toshe ramin, a tsaya a ciki a yi wanka da shawa. In ruwan da ya taru bai kai layin ba, shawa ta zauna. Baba ya shafa gemu yana murmushi. Ɗan kasuwa ne, yana son ciniki ko da na gardama ne.

Ya ce, “Na yarda. Amma ba ke za ki shiga ba, ja'ira. Na san ki, kunne ɗaya za ki jiƙa ki fito. Adda ce za ta shiga, ita ba ta da ɓangare.”

Adda ita ce yayarsa, Gwaggonmu, wadda ta zo daga Bibemi ganin gida a makon nan. Tsohuwa ce ƙarama, busasshiya, mai faɗa kamar barkono. Tun zuwanta ba ta yarda ta leƙa banɗakin ba, a bayan madafa take wankanta. Raina ya yi fari ƙal. Na ce a zuciyata, wannan ai tsoro zai koro ta kafin ruwa ya rufe mata yatsun ƙafa. Baba ya yi wa kansa!

Washegari da hantsi mai gyaran famfo ya iso da jakarsa, aka ba shi tabarma da shayi a gindin darbejiya. Baba ya yi kwanciyarsa a baho, ya fito, Inna ta ja layi. Muka kwashe ruwan muka ba shukoki, ya toshe ramin da hannunsa har yana dannawa da diddige. Gwaggo sai da aka yi ta lallashi. Ta ce ita ba kaza ba ce da za a tsayar da ita cikin kwano. Da ƙyar ta ɗaura zanin wanka, na riƙe hannunta ta hau. Na nuna mata inda ake murɗawa, na raɗa mata, “Gwaggo, don Allah ki yi sauri.” Ta ce, “Fita, uwar iyayi.”

Muka jeru a bakin ƙofa. Ruwa ya fara zuba. Sai muka ji “La'ilaha illallahu!” da ƙarfi, na daka tsalle na ce shi ke nan, ga ta nan fitowa. Ba ta fito ba. Ƙarar ruwa kawai muke ji. Can kuma muka ji wata 'yar dariya siririya wadda ban taɓa sanin Gwaggo tana da irinta ba. Kafin mu ankara, tsohuwar nan ta kama waƙa da Fillanci, har da tafi.

Wayyo ni! Na manna baki a ƙofa ina “Gwaggo, ya isa haka! Gwaggo, kin fita tas!” Ko ta kaina ba ta bi ba. Inna ta zame ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Baba da farko har rangaji yake yi, yana ce mini, “Kina ji ko? Auna mana, malama.” Amma da ruwan ya ci gaba da zuba, sai fara'ar ta fara raguwa. Ya dubi ƙofa, ya dubi wajen mita. Kowa ya san ƙane ba ya buga wa yayarsa ƙofar wanka, ko gidan zai nutse. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya ce Inna ta yi magana, Inna ta ce ita ba ta shiga tsakanin 'yan uwa, ta sake fashewa da dariya.

Ruwa ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa wa Baba takalmi. Na san ta ƙare mini. Layin gawayi ma ya daɗe da wankewa. Ina dariya ina kuka, ni kaina ban san wanne ya fi yawa ba.

Da Gwaggo ta ga dama, ta buɗe. Furfurarta a kwance, fuska tana sheƙi. Ta hango mai gyaran famfo ya miƙe da sifana a hannu, ta ce wannan fa? Baba ya gyara murya ya ce, “Adda, ai kin gani da idonki. Ɓarnar ta yi yawa, cire ta za a yi.”

Ta dube shi tun daga hula har jiƙaƙƙen takalmi.

“Kai Auta. Tun kana tsumma nake sauka rafi da tulu, in hau da shi a ka, in yi maka wanka, in wanke fuskata da abin da ka rage. Wuyan nan nawa har yau bai miƙe ba. Yau ɗaya da ruwa ya zo ya same ni ina tsaye ban ɗauko shi ba, shi ne za ka ce ɓarna?”

Ba wanda ya ƙara dariya. Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya wajen mai gyaran famfo, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, “Tun da ka zo, ka sassauta mata famfon. Ya yi wa hannunta tauri.”