Akwatin Gwanjo da Ƙugun Inna

Yayana irin mutanen nan ne da in aka ce gwamnati na gwanjo, ko tsohuwar tsintsiya ce sai ya sayo. Tsofaffin ƙarafa yake tarawa a unguwarmu New Bell, yana kai wa masu lodi a tashar jiragen ruwa. Wata damina ya shigo da wani akwatin ƙarfe ruwan ɗorawa, da allura a fuskarsa, da wani ɗan bututu a bakin igiya. Wai na'urar gano gubar nukiliya ce, wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. In ta ji gubar sai ta kama ƙas-ƙas-ƙas. Takardar da ke nuna ranar da aka duba lafiyarta kuwa, laima ta cinye rubutun.

Na ce, "Yaya, abin da gwamnati ta gaji da shi ta yar, kai za ka raya?" Ya ce ni da na yi boko ai ya kamata in fi kowa murna.

Ya gwada ƙarafansa, sai ɗan ƙas jefi-jefi. Ya gwada rijiya, ya gwada akuyar maƙwabta. Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Ina! Da safe ya fita ƙofar gida, inda mahaifiyarmu Inna take suyar ƙosai, ga layi har bakin kwata. Yana matsawa kusa da ita akwati ya ɓarke kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. 'Yan bensikin, wato 'yan acaɓa, da ke jira a kan baburansu suka ja da baya, wani ma ya tofar da wanda ya riga ya gatsa.

Kafin azahar labari ya kai har unguwar Ndokoti: ƙosan Inna na da nukiliya. Kwana uku tana soyawa, mu kaɗai muke ci. Da kaskon nan ta riƙe mu tun rasuwar Baba. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe Yaya da igiyar akwatinsa.

Aka kai magana gaban limamin unguwa. Ya ce shaida ɗaya ba ta kama mutum, balle shaidar da ba a san asalinta ba. Yaya ya koma ya sayo akwati na biyu. Wannan ba ya kuka, allurarsa kuma ko gezau. Liman ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce ɗaya sarkin surutu ne, ɗaya kurma, kuma ba wanda za a iya rantsarwa. Aka watse, ƙosai na nan ba mai saye.

Ni na hau tasi zuwa unguwar Makèpè na ɗauko wani dattijo da ya yi ritaya daga ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Ya zauna a bencin Inna, jama'a sun kewaye, ya kankare wa akwatunan tsatsa ya sa musu sabon batir. Na biyun ya ture shi gefe, ya ce don ranar bam aka yi shi, duk ranar da allurarsa ta motsa ba sauran mai karantawa. Na farkon kuma ya ɗora bututun a wani ɗan tabo a gefen akwatin, inda masu ƙira suka ɓoye ɗigon gubar don gwaji. Akwatin ya yi kuka.

"Ça marche," in ji dattijon, wato yana aiki. "Ba zan rantse da lambobinsa ba, amma ba ƙarya yake ba."

Sai ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙullu, shiru. Mai, kasko, gawayi, shiru. Ya ɗauki ƙosai ya cinye a gaban kowa, ya ƙara. Da ya kai bututun wajen ƙugun Inna, ƙas-ƙas-ƙas.

"Hajiya, me kika ɗaure a nan?"

"Ina ruwanka da ƙugun matar mutane?"

Da ƙyar, bayan na roƙe ta, ta juya baya ta kwanto lalitarta. Agogon Baba ne a ciki, wanda ya saya a hannun wani matuƙin jirgin ruwa, mai lambobi masu haske a duhu. Ranar rabon gado har ƙarƙashin katifa an neme shi, Inna ta ce ya ɓata. Inna fa, wadda in aka ambaci Baba sai ta ce mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba!

Dattijon ya ce fentin lambobin ne ke da gubar, irin na da. A sa agogon a gwangwani, kada a buɗe gilashin, kada ya ƙara kwana a jikinta.

Inna ta ce, "Mai shi ma na zauna da shi shekara talatin bai kashe ni ba."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Da kanta ta sa shi a gwangwanin madara ta ɗora a kan kwaba. Washegari layi ya dawo, har ya fi na da, wasu don ganin matar nukiliya kawai suka zo. Ni dai abin da nake gani, tana cikin juya ƙosai sai hannunta na hagu ya tafi ƙugu ya lalaba, ya dawo.