Azariya Mai Majigi da Faifan da Ya Rage

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 'yarka Tamar ta aiko mini cewa ka huta, Azariya. Ƙafafuna ba za su kai ni Kagoma wurin jana'izarka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tare muka yi aikin reluwe a Kafanchan. Wasu na kiwon aladu, kai kana kiwon fayafayan majigi, finafinan ban dariya na zamanin da, waɗanda ba a magana a cikinsu. Na farko a juji ka tsinto shi, bayan kulob ɗin Turawa. Ka bi tsofaffin gidajen mishan har Samaru Kataf, sai da ka tara arba'in da ɗaya, kowanne cikin gwangwaninsa.

Da matata Clara ta rasu na daina fita. Ka ɗauro inji a keke, ka rataya zanen gado a bangona, ka nuna mini wani siririn Bature da tsani yana ta faɗawa kwata. Na yi dariya har na ji kunya. Ka ce, "Ka gani, Bartholomew? Ba ya jin Hausa, ba ya jin yarenmu, amma ya kama ka." Ka bar mini faifan.

Bara kana kwance a asibiti, ɗanka Clinton ya kunna ɗaya, bai ji murya ba, ya ce duk sun lalace. Ya zube su bayan gida ya cinna wuta, gwangwanayen kuma ya raba wa mata su zuba citta. Ka dawo ka tarar da toka. Likita ya ce zuciya ce ta kashe ka. Ni na san wanda ya taɓa ta.

Yanzu an gaya wa Clinton darajarsu. Jiya ya zo ya durƙusa: "Baba, a yafe mini, a ba ni na wurinka in riƙa tunawa da shi." Na kalle shi kamar majigi: baki na motsi, ban ji komai ba. Fasto ya ce in gafarta. Na riga Fasto karanta Littafin, ban dai shirya ba. Na rubuta na sa hannu: faifan na Tamar ne, kada Clinton ya kalle shi ko sau ɗaya.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya karɓe ka wurin da ba a kuka. Ya ta'azantar da Tamar da jikokinka. Clinton kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai, ya tsufa shi kaɗai kamar ni, ya nemi mai kawo masa dariya a keke, ya rasa. Amin.