Zanen Fensirinka Yana Nan a Bangon Mama

Ranar Alhamis, sha tara ga watan Yuni, 2025, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tsaye gaban allo a aji huɗu, maƙwabciyata Deborah ta kira ni ta ce Malam Mika'ilu mai gyara ya rasu. Na ce wane Mika'ilun? Na san wanda take nufi, Mika'ilu ɗaya muka sani a unguwarmu nan Kontagora, bakina ne kawai ya tambaya. Malam, ciwon kai ya kwantar da kai ran Talata, aka kai ka asibiti Laraba, Alhamis kafin la'asar har an kai ka makwancinka. Wanda ya ba mu kai shi ya karɓe ka, ba mu da ta cewa.

Ni ce Priscilla, wadda ba ka taɓa kiran sunanta ba, sai dai Malama. Shekara goma sha ɗaya kana shiga gidanmu. Kai ka gyara mana fanka, kai ka ɗinke rufin kwano da ya yi yoyo, kai ka sauko da sakatar ƙofar bayi ƙasa don ka lura Mama tana ɗage kafin ta kai gare ta, alhali ba wanda ya sa ka. Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: alkawarin lokaci ba ka da shi. In ka ce "ga ni nan tafe," na san zan gama tuwo in wanke tukunya kafin in ji ƙarar tsohon mashin ɗinka. Amma in ka zo, aikin da ka taɓa ba a sake kiran wani a kansa.

Abin da ya haɗa mu na ƙarshe shi ya hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauki biro. Shekara biyu ke nan da mahaifiyata, Mama Alice, ɓarin jikinta ya shanye. A gefen hagu take kwance, wuyanta ya sandare, idonta wuri guda yake faɗawa a bango, can sama kusa da taga. Gani kuma yana ta raguwa. A watan Maris ƙanena James da ke aiki a Legas aka haifa masa 'ya, aka sa mata Kyauta. Ita ce jikar Mama ta fari daga ɗanta namiji. Sau nawa na kai waya gaban fuskarta, sai ta ƙura ido ta ce, "Haske nake gani, ba yarinya ba." Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ta gaya mini a tsakar gida cewa duk abin da muke so Mama ta gani, mu nuna mata bana.

Shi ne James ya matse aljihu ya aiko da talabijin babba, irin shafaffiyar nan da ake liƙawa a bango, tare da bidiyon yarinyar. Na ɗora ta kan tebur, Mama ba ta iya sauko da ido gare ta. Na tara littattafai a ƙarƙashi, ta nemi kifewa. Sai na shiga neman mai kafa ta. Na shagon da ke sayar da irinta ya ce dubu ashirin da biyar, ban da kuɗin mashin. Wani ya zo ya ƙwanƙwasa bangon ya yi dariya, ya ce wannan ai ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, ba abin da zai riƙe. Albashin malamar firamare da ke sayen maganin hawan jini duk wata, kowa ya san iyakarsa. Ina jin kunyar kiranka don na san ba za ka faɗi kuɗi ba, amma na kira.

Ka zo ran Litinin da hantsi. Ba ka fara da bangon ba. Ka gaida Mama, ka cire hula, ka ce a ba ka tabarma. Ka shimfiɗa ta a gaban gadon, ka tara matasai har kanka ya yi daidai da nata, ka kwanta a gefen hagu, ka karkata wuya yadda nata yake. Dattijo mai furfura, kwance a ƙasan ɗakin tsohuwar da ba danginsa ba, ba addininsu ɗaya ba. Mama ta yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Ta ce, "Mika'ilu, kai ma ka shanye?" Ka ce, "Mama, so nake in ga abin da kike gani."

Daga nan ka tashi ka ciro fensir a bayan kunne, ka zana kusurwa huɗu a bangon, ka ɗiga alama huɗu a ciki. Ka yi mini bayani a hankali, kamar ni ce 'yar aji. Bangon ƙasa ba a kafa masa ƙusa a dogara da ita. Sai an huda shi har waje, a zura dogayen ƙarafa masu noti, a ɗaure su jikin katako mai kauri ta bayan ɗakin, katakon ne zai ɗauki nauyin. Kuma sai an sunkuyar da talabijin ɗin kaɗan ta kalli gado. Na tambayi kuɗin aiki, ka ce in biya mai walda, sauran kuma in dafa maka shayi. Ka ce Asabar za ka dawo. Har na tsokane ka na ce Asabar ta wane wata?

Da na je gaisuwa ranar uku, matarka Ruka ta ja ni ɗaki ta miƙo mini wani ƙunshi a buhun siminti. Ƙarafa huɗu ne, an yanka an yi musu walda, da katako an goge shi. Ta ce Talata da safe, kan naka na sara, sai da ka je ka karɓo su, ka ce mata na Mama Alice ne, kada yara su taɓa. Wannan karon ba ka makara ba, Malam. Na rungume buhun na yi kukan da ban yi a makaranta ba.

Tun daga nan nake yawo da ƙarafan nan. Mutum biyar na kawo. Biyu sun juya su a hannu sun ce ba su taɓa ganin irin wannan aiki ba, in talabijin ɗin ta faɗo wa zai biya? Ɗaya ya ce a rushe bangon a sake shi da bulo. Ɗaya ya ce zai kafa ta a bangon bulo ɗaya tak na ɗakin, wanda ke bayan kan Mama, ya kasa gane me ya sa na ƙi. Na biyar bai saurare ni ba, ya kafa injin huda ƙasa da alamarka, bango ya zubo, ya bar mana rami kamar bakin kwano ya tafi. Cikinsu ba wanda ya dubi gadon. Gyaran gado ma, kwana uku na yi ina tunanin ko a juya shi, amma ɗakin ƙanƙane ne, in an juya babu ta inda zan ɗaga Mama. Ban san wanda zan kira ba kuma. Lambarka tana nan a wayata, hannuna yakan kai kanta kafin in tuna.

Mama kuwa kullum tana kallon zanen, don daidai inda idonta yake ka yi shi. Na ɓoye mata rasuwarka kwana tara. Da na faɗa mata, ta ce kada a goge fensirin.

Lahadin da ta wuce, bayan an taso coci, aka kawo wuta. Na kira Deborah. Muka fito da talabijin daga kwali, muka jona, muka hau benci, ita ta kama gefe ni na kama gefe, muka ɗaga ta daidai cikin zanenka, muka sunkuyar da ita yadda ka ce. Fuskar Kyauta ta cika gilashin. Gumi yana shiga idona, ba ni da damar sharewa. Mama ta ƙura ido, ta ƙura, sai ta ce, "Kunnen kakanta ne." Ba mu kai minti biyar ba muka gaza, muka sauke. Ta ce a ƙara ɗagawa. Wallahi mun so, hannun ne ya ƙi. Ta gani dai, kuma a inda ka ce za ta gani. Ban san sau nawa za mu iya ba, ban san sau nawa ya rage wa idonta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Mama da ta James ga Ruka, da 'ya'yanka Nasrullahi da Zinatu, da 'yan'uwanka na Kontagora da na Bangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda shi yake tsaya muku. Ku sani mahaifinku ya bar suna mai kyau a gidajen da ba ku taɓa shiga ba.

Kai kuma Malam Mika'ilu, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka kwanta a ƙasa don ka ga abin da tsohuwa mara ƙarfi take gani, Allah ya dube ka da rahama a inda kake kwance. Amin.