Tukwane Arba'in a Katangar Dandali

A wani gari tsakanin Zango da Baure, duk wanda ya manyanta zai iya nuna maka inda dandali yake a da. Wanda ya gina shi kuwa, Kalilu magini, sai ka matsa wa mutane kafin su ambaci sunansa.

Asalin wurin tsohon kududdufi ne da ya ƙafe. Kalilu ne ya lura ramin ya yi zubin ƙwarya, ya roƙi ƙungiyar samarin gari su ba shi rani biyu ya mayar da wurin dandali. Ya yanke gefen ramin hawa-hawa, yadda na gaba ba zai tare wa na baya ba. A ƙasa ya yi dakali, a bayan dakalin ya ja katanga mai lanƙwasa. Sannan ya yi wata dabara da ya koya wurin ubangidansa a Damagaram. Ya sa matarsa Kubura, wadda ginin tukwane ne sana'arta, ta gasa masa ƙananan tukwane arba'in. Ya jera su cikin katangar, bakinsu na kallon jama'a, ya rufe da yaɓe marar kauri, don su riƙa ɗaga sauti. Bai gaya wa kowa ba, saboda magini ba ya tallar sirrin hannunsa.

Aiki kuwa ya yi kyau. Idan mai kukuma ya zauna a dakalin nan, tsohuwar da ke can hawan ƙarshe sai ta ji kamar a kunnenta ake gogawa. Shekara goma sha bakwai, duk bayan girbi, masu kalangu da 'yan kama da 'yan wasan kwaikwayo suna zuwa har daga Dutsi. Shi Kalilu ko tafi bai iya yi daidai ba. Nasa dai ya hau can sama ya tsaya yana saurare, ransa fari ƙal.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kwamitin gari ya hana kiɗa a dandali. Kalilu bai ja ba, don shi ma da bakinsa aka yi kabbara ranar gangami. Tsoronsa ɗaya ne: ginin ƙasa in aka daina zama a cikinsa, damina ce ke gadonsa. Sai ya tafi wurin shugaban kwamitin, Malam Nu'uman.

"Allah gafarta Malam, a mayar da tafsirin azumi can mana. Wurin ba ya son lasifika, ko raɗa aka yi kowa zai ji."

Malam ya yarda da wurin, amma ya yi dariyar sauran maganar. Wa ke tafsiri ba lasifika a wannan zamani? Aka kawo manya guda biyu, aka kafa su suna fuskantar katangar.

Ranar farko bayan la'asar, mai jan baƙi yana buɗe baki sai katanga ta amsa da wani irin gurnani, lasifika ta ɗauka ta mayar da shi ƙara mai tsaga kunne. Kalilu na ta ihu a kashe na'ura, ba mai sauraronsa. Wani ya ƙwanƙwasa katangar ya ji rami, ya sa sanda ya ɓare yaɓen. Sai ga bakin tukunya. A gefenta ga wata, ga wata.

To, a ƙasar nan kowa ya san abin da ake nufi da tukunya binne a cikin gini. Nan take aka ce da ma da walakin, goro a miya. Ashe asiri ne yake janyo mutane shekara da shekaru! Waɗanda suka fi kowa rawa a wurin su suka fi kowa salati.

"Malam, a leƙa ciki," in ji Kalilu. "Ba laya, ba ƙashi, ba komai. Aikin gini ne."

Malam Nu'uman ya leƙa, ya ga wayam, kuma ya gane gaskiya mutumin yake faɗa. Amma ya waiwaya ya dubi taron da ke bayansa, ya ce, "Idan ba ka tsoron abin da ke ciki, fasa su da hannunka."

Abin da ya fi ciwo ke nan. Kalilu ya ga ko dai katangar ko sunansa, sai ya karɓi diga. Da azumi a bakinsa ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, Kubura na tsaye a ɓangaren mata tana kallo. Damina biyu suka cinye abin da ya rage, wurin ya koma juji.

Sunan ma bai tsira ba. Ba a sake ba shi ginin masallaci ba, mata kuma suka daina sayen tukwanen Kubura. Da zaɓe ya zo, a bakin jujin nan makaɗan siyasa suka baje kolinsu a kan tirela, dattawan gari na zaune a sahun gaba.

Kalilu ya rasu ko mugun kallo bai taɓa yi wa kowa ba. Duk da haka, wanda ya sayi gidansa sai da ya sa aka ƙwanƙwasa kowane bango kafin ya yarda iyalinsa su tare.