Kukan Mutumin Kurmi a Lasifika

Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi, kowane malamin makaranta a Fagge ya sayi abin da zai nuna ya waye. Wasu babur, wasu fanka. Abokina malamin labarin ƙasa kuwa rikoda ya saya, domin yana binciken Mutumin Kurmi, wata halitta mai gashi da 'yan goro ke cewa tana tafiya da ƙafa biyu a dazuzzukan Kudu, tana kuka kamar mai kiran ɗan'uwansa.

Bincike sai da tambaya, tambaya kuwa a Fagge shela ce. Ga shi sunansa na cikin waɗanda ake dubawa a ba su muƙamin hedimasta, kuma ba a taɓa jin an danƙa wa mai neman dodo makaranta ba. Sai ya kafa mana doka: gaban 'yan goro da ma'aikatan tashar jirgi mu masana ne, gaban malamai da iyayen yara ba mu taɓa jin zancen ba. Ni ne mai riƙe makirfo, ni ne kuma sauran 'yan ƙungiya gaba ɗaya.

Muka dace da wani direban babbar mota da ya rantse ya ji kukan da kunnensa. Abokina ya buɗe kaset da muryar asambuli, ya faɗi sunansa da makarantarsa, wai ilimi ba ya karɓar shaida marar asali. Direba ya yi kukan. Abokina ya ce bari shi ma ya maimaita don tabbatarwa. Ya yi ta maimaitawa har direban ya ce, "Malam, wallahi ka fi mai abin iyawa."

Ba a jima ba rikoda ta cije kaset ɗin ta ƙi saki. Abokina ya kai ta gyara Sabon Gari, a kan cewa can ba wanda ya san shi. Abin da bai lissafa ba, masu gyaran rediyo na can ba sa yarda abu ya gyaru sai sun jona shi da lasifikar bakin shago sun ƙure murya, duk layi ya shaida. Tallarsu ke nan.

Ranar da muka koma karɓa, tun daga kwana muka jiyo abokina yana gabatar da kansa ga jama'a, sannan ya ɓarke da kuka. Masu dako sun ajiye kaya suna amshi. Mai gyara ya tare mu da fara'a: "Oga Malam, tun jiya nake sa shi, ciniki sai godiya!"

Kukan ya riga mu isa Fagge. Yara suka mayar da shi gaisuwar safe. Sai dai kuma masu labarin Mutumin Kurmi suka fara sallama a ƙofar gidansa, har da waɗanda muka daɗe muna lallaɓawa suna ƙi.

Ranar ganawa da kwamitin zaɓen hedimasta, shugabansu wani tsohon alƙali ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Abokina ya ce mini bai gama zama ba tsohon ya ce, "Malam, an ce kana da wata murya."

"Ranka ya daɗe, bincike ne."

"Yi mu ji."

Musu ba shi da amfani, rabin gari ya haddace kaset ɗin. Ya miƙe, ya gyara hula, ya yi.

Alƙali ya girgiza kai. "Ka ja ƙarshen da yawa. Ina yaro na bi kawuna fataucin goro, na ji shi sau ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba, don ina son alƙalanci."

Aka ba shi makarantar, da sharaɗin ban da kukan a asambuli. Alƙalin ma daga baya ya yarda muka ɗauki tasa muryar, amma ya ce kada a ambaci sunansa, in kuma rikoda ta sake lalacewa a jefa ta rijiya.