Matar Zandam da Ba Ta Jin Wuta

A shekarun da ake rufe ƙofar Gwaram tun la'asar saboda mahara aka kawo ni aure daga Birnin Kudu. Surukina, mahaifin mijina, shi ne mai maganin unguwarmu. Kowa wurinsa yake kai kukansa, ban da ni. Ina ni ina faɗa wa suruki abin da ke jikina? Ko tarina ya ji, sai in yini da kunya.

Bayan haihuwata ta biyu wani tabo ya fito mini a cinya, ba zafi ba ƙaiƙayi. Rannan garwashi ya faɗo a kai, sai ƙauri kawai na ji. Na san sunan abin. Na kuma ga yadda aka yi wa wata a garinmu bukka a bayan ganuwa, aka raba ta da 'ya'yanta. Na ja zane na rufe.

Na rame, tsohon ya lura. Kullum na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Yaya jiki?" in ce, "Da sauƙi, Baba." Ya yi ta aiko mini da jiƙon maganin ciwon shawara, ina sha ina jin haushin kaina da nasa.

Wata rana da hantsi ina surfe, ya zo ya zauna a bayan zana, ya juya baya.

"'Yar nan, wata mata ce a Zandam ba lafiya, ta ƙi magana. Ke mace ce, taya ni. A ina kike zaton abin yake?"

Na san sarai babu wata matar Zandam. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Wataƙila a cinya, Baba."

"Da zafi?"

"Ko wuta ba ta ji."



"To, a gaya mata gaskiya, kuturta ce. Ba ni da abin da zai raba ta da ita, sai mai rage mata ƙarfi. Ta riƙa duba ƙafafunta, ta bar wa wasu murhu. Ɗakinta kuwa, muddin ina numfashi ba mai fitar da ita."

Har ya rasu, labarin matar Zandam muke yi ta bayan zana. Yatsuna suka tafi ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yana suka girma a ɗakina.

Abin da ke cina har yau, ban taɓa iya yi masa godiya da bakina ba. Da yana ciwon ajali na durƙusa a bakin ƙofarsa, iyakar abin da ya fito shi ne, "Baba, matar Zandam tana gaisuwa."

Ya ce, "Ina amsawa."