Albasa Goma da Ɗanyen Tumatir Ɗaya

Ranar wata Laraba ce cikin rani, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, wadda kuma ita ce shekarata ta ƙarshe a boko. Na ɗauko kwanon abincin Baba a ka, ina bin gefen kanal daga ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, gabana yana ta faɗuwa alhali ba a yi komai ba. Ni dama haka Allah ya yi ni tun ina ƙarama, har Inna takan ce, "Ke kam Saude, kina jin zafin wuta tun tana gidan maƙwabta." Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ji mai rabon ruwa ya ce ruwan layinmu ya faɗo ranar Lahadi, kuma a Lahadin nan ce ƙungiyar da yayana Nafi'u yake buga wa ƙwallo za ta yi wasa a birni. Ana ta cewa wataƙila a karon farko a fara wasa da shi. Ina tafe ina tambayar kaina, shin Baba ruwa zai zaɓa ko kuwa zai je ya ga ɗansa a fili.

Yaya Nafi'u shi ne ɗan fari a gidanmu, ya ba ni shekaru da yawa. Na buɗe ido na gan shi yana buga ƙwallon tsumma a gonakin shinkafa bayan an girbe, ƙafarsa duk karce saboda guntayen kara. Mu 'yan mata muna gefe muna 'yar carafke ko muna yankan tumatir ɗin da za a shanya, su kuma samari suna kafa takalma biyu su ce raga ce. Bahago ne a ƙafa, ga gudu, idan ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu sai dai a bi shi da kallo. Da haka aka kai shi wasan ƙaramar hukuma, daga can wasu suka gan shi, har wata ƙungiya ta ƙwararru a birni ta ɗauke shi. Amma tun da ya je, benci yake zaune. Wani lokaci a sa shi ana dab da tashi, wani lokaci ko riga ba a ba shi ba.

Duk tsawon wannan lokaci Baba bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba, ko a gonar shinkafa. Ba ƙi ya yi ba, kunyar ɗan fari ce. A gidanmu an riƙe ta sosai. Ban taɓa jin Baba ya kama sunan Yaya ba, sai dai ya ce "yaron nan" ko "wancan". Idan ya biyo ta inda ake ƙwallo a kan kekensa, sai ya kau da kai kamar yana duba masarar wani. Idan aka yabi Yaya a gabansa, sai ya soma zancen tsadar taki. Ga shi kuwa mutum ne mai son ƙwallo kamar me. Rediyonsa ba ta rabuwa da shi, ya san wanda ya ji rauni, ya san wanda aka ba jan kati, ya san halin kowane koci.

Gonarmu tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye. Wanda bai yi noman rani ba ba zai gane ba. Ruwa layi-layi ake ba da shi, idan ranarku ta wuce sai ta sake zagayowa, kuma na sama da kai ba sa tausaya maka, ka ɗan ɗaga ƙafa ka tarar an karkatar da rabonka. Baba yakan tsaya da shebur tun daga buɗewa har rufewa, ya buɗe wa wannan kwamin shuka ruwa, ya toshe wancan, bai taɓa yarda kwami ya cika ya tumbatsa ba. Yakan ce, "Ruwa ba ya sanin wakili, sai mai gona." A makon nan kuwa tumatirinmu yana cikin fure, idan ya sha ƙishi furen zai zube, kuma shi ne abincinmu har damina.

Da na isa na tarar da shi a gindin bishiyar darbejiya da ƙanensa Baffa Sale da wasu maƙwabtan gona, an baje a ƙasa. Al'adarsu ce duk makon da za a yi wasa. Baba zai share ƙasa da tafin hannu, ya zana fili da tsinke, ya ɗebo ƙananan albasa daga waɗanda aka ware, ya jera su yadda yake ganin koci zai jera 'yan wasansa. Kowace albasa da sunanta. Zai ajiye ta ya ce wannan Dogo ne a raga, wannan wane ne, wannan wane ne, mutane suna gardama, wani ya matsar da albasa wani ya mayar. Yaya kaɗai ne ba shi da albasa kuma ba shi da suna. Ɗanyen tumatir ake tsinko masa, kore shar, a ajiye a wajen zane, kowa ya san ko wane ne, ba mai faɗa.

Ranar gardama ta yi zafi, domin mai buga gefen hagu na ƙungiyar ya ji ciwo a cinya, rediyo ta faɗa. Baffa Sale ya rantse cewa huɗu za a sa a baya, uku a tsakiya, uku a gaba, kuma in dai uku ne a gaba to babu wani bahago da ya rage sai namu. Ya ɗauki tumatir ɗin zai sa shi a ciki, Baba ya riƙe masa hannu. Ya ce baƙin da za su zo suna da dogayen 'yan gaba, koci kuma matsoraci ne, biyar zai tara a baya, uku a tsakiya, ya bar biyu a gaba, kuma cikin biyun nan babu gurbin ɗan gefe. Ya jera albasa goma sha ɗaya cif, ya tura tumatir can gefe. Baffa ya ce wa Baba, "Haba Yaya, a gida kuma a tara biyar a baya? Ko kai da kake ƙarshen kanal ba ka tsoro haka." Aka yi dariya. Baba ya ce, "Yaron nan bai nuna ba tukuna. Benci." Ya jawo kwano ya wanke hannu.

Bayan an watse kowa ya koma gonarsa, ni ma na kama hanya, sai na tuna na bar gammona a gindin bishiya. Na dawo ta bayan masarar maƙwabcinmu, inda Baba ba ya ganina. Baba yana tsugune shi kaɗai a gaban zanen. Na ga ya ɗauke albasa ɗaya daga cikin na baya ya jefa cikin kwando, ya baje sauran huɗun, ya gyara na tsakiya, sannan ya ɗauko ɗanyen tumatir ɗin ya goge shi da bakin rigarsa, ya ajiye shi a gaba ta hagu. Ya daɗe yana kallo. Da ya ji motsina sai ya sa ƙafa ya share komai, ya ce in yi sauri Inna tana jirana da surfe.

Na faɗa wa Inna muna bakin turmi. Ba ta daina daka ba, ta ce, "Kin gani, to ki bar shi a cikinki." A lokacin ban gane ba, sai da na girma. Uba ba zai zauna cikin mutane ya ɗauki ɗansa na fari da hannunsa ya ce wannan ya isa ba. Kuma tunda ya faɗa a gaban jama'a cewa benci ne, ba shi da hujjar barin ruwa. Ranar Asabar Baffa Sale ya shigo gidanmu ya ce shi zai tsaya ya yi ban ruwan, Baba ya hau mota ya tafi birni. Ina zaune a bakin murhu ina addu'a a zuci. Baba ya ce, "In bar tumatir yana fure in je kallon benci?" Baffa ya ce to shi zai je, kuma in ya dawo kada a tambaye shi labari. Da haka aka rabu.

Lahadi da la'asar ina gona, don Baba ya ce in zo in riƙa duba masa bakin kwami. Ya kafa sanda ya rataye rediyo, yana cikin laka har idon sawu, ruwa yana shigowa a hankali. Mai sharhi ya soma karanta sunaye. Ya kira mai tsaron raga, ya kira na baya, ina lissafawa da yatsu kamar yadda na ga ana yi da albasa, na ga huɗu ne ya tsaya. Ya kira uku na tsakiya. Sannan ya ce a gaba ta hagu, wani matashi daga yankin Kura, ya kama sunan Yaya, ya haɗa da sunan Baba a bayansa. Daga gonakin da ke sama da mu na ji ihu, wani yana buga galan da sanda, wani yana kwala wa Baba kira. Baba bai ɗago ba. Ya tsaya riƙe da shebur, kansa a ƙasa, kamar mai sauraron huɗuba. Ni ce na ga ruwa ya cika kwamin da ke gabansa, ya haura kunya, ya soma malala kan hanya. Ban taɓa ganin haka a gonarmu ba. Na ce, "Baba, ruwa." Ya dube ni kamar daga barci, ya toshe, ya ce rediyon nan batirinta ya yi sanyi, in matso da ita kusa.

An tashi wasan babu ci. Yaya bai jefa ƙwallo a raga ba, amma mai sharhi ya yi ta kiran sunansa, kuma duk kiran da aka yi sai Baba ya sami abin gyarawa a kwamin da ya fi kusa da sanda. Baffa Sale ya dawo muryarsa a dishe, ya ba da labari a ƙofar gida duk da rantsuwar da ya yi. Ya ce kafin a take wasa Yaya ya yi ta waige-waige wajen 'yan kallo, da ya hango shi ya ɗaga hannu, sannan ya ci gaba da duba gefen Baffa kamar mai neman wani. Baba yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Tumatirin shekarar ya yi kyau, aka cika kwanduna, motocin kudu suka kwashe.

Baba ya ce wa Inna in an sake wasa a gida ranar da ba ta ruwa ba, zai shiga birni sayen maganin feshi. Duk mun gane. Amma kafin wannan rana ta zo, gwiwar Yaya ta goce a wajen atisaye, aka yi ta magani, na asibiti da na gida, ba ta koma daidai ba. Ya dawo ƙauye yana ɗingishi kaɗan, ya karɓi shebur. Shi yake noma gonar yanzu. Baba ya rasu shekarar da aka yi mini aure, bai taɓa ganin ɗansa sanye da rigar ƙwallo a fili ba.

Sai bayan rasuwar na ba Yaya labarin abin da na gani ta bayan masara. Muna zaune a tsakar gida yana gyaran tiyo. Ya ci gaba da ɗaurin tiyon, can ya ce, "Ta wane gefe ya ajiye shi?" Na ce ta hagu, a gaba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe ya san gurbina." Ya tashi ya fita da tiyon a kafaɗa, bai gama ɗaure shi ba.

Yanzu ba a jera albasa a gindin darbejiya. Samari suna duba waya, kafin a fara wasa an riga an nuna musu wanda zai buga da wanda zai zauna, har da hoto. Kanal ɗin yana nan, ana ba da ruwa layi-layi kamar da. Ni ma ina da ɗan fari, yana aji biyu, ba na kama sunansa, don sunan Baba aka sa masa, kuma ko ba don haka ba bakina ba zai iya ba. Kwanan nan na same shi a tsakar gida ya jera marafen kwalba a ƙasa, ya ce malaminsu zai haɗa wasa da 'yan aji uku ranar Alhamis, yana ganin za a sa shi a baya ta dama, in ba a sa ɗan gidan mai shayi ba. Ya ce, "Umma, za ki zo?" Na ji bakina yana shirin cewa ai kai ƙarami ne, ba za a sa ka ba. Na haɗiye. Tun ranar gabana yake faɗuwa, ina tsoron a ƙi sa shi, ina tsoron a sa shi ya faɗi, ina jin kunyar matan unguwa su ce ga Saude ta zo kallon ɗanta. Na roƙi babansa ya bar ni, ya ce in je, shi ranar yana kasuwar Bunkure da albasa. Na ce masa albasa ba ta zubar da fure, ya yi dariya, ina nan ina sake yi masa magana shi ma ya zo.

Ni dai zan sa hijabina in tsaya a bayan katangar makaranta, inda ta rushe kaɗan. Abin da nake roƙon mai karanta wannan shi ne, idan ɗanka ya ce wataƙila za a sa shi, kada ka jira ka tabbatar. Ka je ka tsaya inda zai gan ka in ya waiga, sunan ba sai ka kira ba.